Ƙullin Ciyawar Fo Gameli

Duk wanda ya ce maka hawa jirgin sama yana ƙara wa mutum hankali, ka turo mini shi unguwarmu a Palime in nuna masa Fo Gameli.

Fo Gameli tsohon mai awon 'ya'yan koko ne, ya yi ritaya da fanshon da ba ya isar sa sayen batirin rediyo. Ɗansa Senyo yana aikin jinya a Jamus, shi ya aiko masa da tikiti ya je ya ga jika. Bai cika wata guda a can ba, amma da ya dawo sai ka rantse da shi aka yi shawarar kafa ƙasar. Ya dawo mana da hular ulu mai tuntu, da safar hannu, da wata magana guda wadda ta maƙale masa a baki: "A can..." In ka gaishe shi, a can ba haka ake gaisuwa ba. In kare ya yi haushi, a can karnuka ba sa ɗaga murya.

Ni ne Amenyo kafinta. Shagona yana kallon ƙofar gidansa, hanya ce kawai ta raba mu, kuma ba don ƙaunar Fo Gameli nake yawan duban gidan ba, don cikina ne. Matarsa Dada Enyonam ita ke sayar da sakwara a tsakar gidan, ƙarƙashin mangwaro. Miyar gyaɗarta da naman akuya, in ka ci sau ɗaya ka zama ɗan gida. Kullum za ka gan ta tsakanin murhu da tebur, da wani jan tsumma a kafaɗa wanda take sauke tukunya da shi, ƙarti biyu suna yi mata daka. Tukunyar nan ce ta biya wa Senyo makaranta, ita ke ciyar da gidan, ita ke saya wa Fo Gameli man goge takalmi. In tukunyar ta tsaya, gidan ya tsaya, kowa a unguwa ya san haka ban da mutum ɗaya.

Tsakar gidan kuwa, kafin rana ta fito Dada Enyonam ta share shi tas, sawun tsintsiya ya kwanta layi-layi har ka ji nauyin takawa. Mu a nan ciyawa a tsakar gida sai kango, ko gidan da aka mutu aka watse.

Ruwan farko na sauka sai ga Fo Gameli a shagona, da hular ulu a kai, gumi yana bin kunnuwansa.

"Amenyo, allo nake so ka yi mini. Babba. Ka rubuta: Lambun Ciyawar Ado na Gameli da Ɗansa."

Na ajiye zarto. "Fo, ciyawar me?"

"Ta ado."

"Wadda akuya ke ci?"

"Ka ji matsalarku ke nan. Ku in kun ga ciyawa sai ku tuna akuya. A can, attajiri ba ya shuka fure, fure na talaka ne. Ciyawa yake shukawa, doguwa a baya, gajera a gaba, mai son ruwa a wurin danshi. Da yamma ya zauna da kofin shayi yana kallon iska tana kaɗa ta."

"Shi ke nan aikin? Kallo?"

"Shi ke nan. Nan da shekara Turawan da ke hawa dutse za su riƙa tsayawa a ƙofata suna ɗaukar hoto. Kai ma za ka samu cinikin kujeru, ka gode mini."

Na ce na gode tun yanzu, na karɓi kuɗin katako a hannu, don na san mutumina.

Washegari ya hau babur ɗin haya ya nufi masu sayar da shuke-shuke a gindin dutse. Su kuwa mutanen nan, da suka ga hular ulu a cikin wannan zafi, suka san Allah ya kawo musu abincin rana. Ya dawo da babura uku a bayansa, kowanne an yi masa lodi kamar za a yi jinkar ɗaki. Unguwa ta fito kallo. Tanti Sewa, wadda katangar kara ce kawai tsakanin lambun tumatirinta da gidansu, ta leƙo da fartanya a hannu.

"Fo Gameli, sannu da hanya. Wancan dogon ba gamba ba ne?"

"A bakinki gamba ne. A can sunansa ya fi hannunki tsawo."

"Wannan mai gashin kuma kyasuwa ce, ga ta can cike da bayan makaranta, kyauta."

"Ta bayan makaranta ba ta da tarbiyya. Wannan a tukunya aka rene ta."

Tanti Sewa ta matso, ta sa yatsa ta taɓa wata gajera mai jan baki wadda yake rungume da ita kamar jariri. Sai ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Tofa! Fo Gameli, tofa ka sayo da kuɗi? Tofar da ta kori ubana daga gonarsa ta Agu, ta sunkuyar da uwata tun ba ta tsufa ba?"

"Tanti, buɗe idonki da kyau. Kin taɓa ganin tofa ja? Wannan daga Japan asalinta."

"Ko daga sama ta faɗo, ɓarawo ne ya sa jar hula. Ka dasa ta kusa da tumatirina, ni da kai sai gaban Togbi mai unguwa."

A jikin katangarta ya dasa ta, ya ce nan ne hasken yamma ya fi dukan ta.

Dada Enyonam ta tare shi da ta ga ya kafa turaku ya ja igiya ya cinye mata rabin tsakar gida.

"Baban Senyo, ina masu cin abinci za su zauna?"

"Su matsa. A can mutane a tsaye suke ci, shi ya sa ba su da tumbi."

Wurin wanke-wankenta ma bai tsira ba. Ya ce danshin wurin ya dace da dangin aya-aya, ya jera su nan, ya toshe magudanar ruwa don kada su ji ƙishi. Damina ta yi abin da ta saba. Ciyawa ta samu taki da ban-ruwa da mai yi mata kirari, abin da kakanninta ba su taɓa samu ba, ta miƙe ta wuce tsayin mutum. Ruwan wanke-wanke ya kwanta, sauro ya yi gari. Kana cikin cin sakwara gashin kyasuwa ya faɗo maka a miya, ka tsame, wani ya faɗo. Wata rana wani direban tasi ya ji abu yana shafa masa ƙeya, ya yi tsalle da kwano a hannu yana ihun maciji, ashe kan gamba ne iska ta kaɗo. Fo Gameli yana zaune da kofin shayi ya ce masa, "Ka ga rawar da take yi? A can biya ake yi a ga wannan."

Jar tofar Japan kuwa, da ta sha ruwan Palime ta ji rana, sai ta tuna gida. Ta zubar da jan, ta koma kore shar, ta bi ta ƙarƙashin katanga ta ɓullo tsakiyar tumatirin Tanti Sewa.

Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba. Miyar Dada Enyonam ta fi ƙarfin sauro. Da abin ya tsaya nan da ban ɓata bakina ina ba ku labari ba.

Watan Nuwamba ya kama. Ran nan da safe ina buɗe shago na hango Fo Gameli a kan kujera, da safar hannu, da ƙunshin igiya a wuya. Ya tattaro kan gamba ya murɗe shi, ya ƙulle, ya ɗaure tam. Ya sauka ya ja kujera zuwa na gaba. Kafin rana ta take, duk wata doguwar ciyawa da ke gidan ta zama ƙulli, sun jeru a bakin katanga suna kallon hanya kamar mutane masu tukku.

Na tsallaka da gudu. "Fo, me kake yi haka?"

"Bara war haka ina can. Da idona na ga maƙwabcin Senyo, wani dattijo mai ilimi, yana ɗaure tasa. In ba a ɗaure ba dusar ƙanƙara ta shiga tsakiya ta ruɓar da saiwa."

"Ƙanƙara. A Palime."

"Ka'ida ka'ida ce, Amenyo. Watan Nuwamba ake ɗaurewa."

"Fo, don girman Allah kwance. Ka san abin da ƙullin ciyawa yake nufi a garin nan. Ba Bature ba ne kai, a Agu aka yanke maka cibiya."

Ya sani sarai. Yaron goye ma ya sani. In ka tarar an ƙulle ciyawa a bakin gonarka ko a kan hanyarka, wani ne ya kira sunanka ya ɗaure ka a ciki. Mutum ya ga ƙulli ɗaya sai ya canza hanya, ya kwana yana lissafin wanda ya ɓata wa rai. Shi kuwa bawan Allah ya jera su fiye da yatsun hannu da na ƙafa, a ƙofar gidan da ake sayar da abinci.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Camfi. Abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan."

Tanti Sewa ce ta fara gani. Ta fito da bokitin ban-ruwa, ta ɗaga kai, ta ga ƙulli uku suna kallon lambunta. Bokitin ya faɗi.

"Jama'a ku fito! Ya ɗaure ni! Don na ce masa tofa tofa ce, ya ɗaure ni! Shi ya sa tumatirina ke bushewa!"

"Tanti, saboda sanyi ne."

"Sanyin kabari ko? Allah ya mayar maka da aniyarka, mai hular mayu!"

Kafin azahar labari ya kai kasuwa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Aka ce ba ganin jika ya je yi ba, asiri ya je saye, irin na Turawa wanda ba ya karyewa. Aka ce kowane ƙulli da sunan mutum a ciki. Daga nan duk abin da ya lalace a unguwa sai a waiwayi katangar Fo Gameli. Tayar wani ɗan acaɓa ta fashe daidai ƙofar gidan. Akuyar mai gidan burodi ta yi ɓari. Shugabar mawaƙan coci ta tashi da dasasshiyar murya ranar Lahadi, ta ce ta wuce ta nan ranar Asabar. Har wanda matarsa ta yi yaji saboda shan giyar sodabi ya ce ƙulli ne.

Tebura suka bushe. Wa zai ci sakwara a gidan da ake ɗaure mutane? Ƙartin da ke daka, ɗaya ya ce kafaɗarsa ta riƙe, ɗayan bai ma tsaya sallama ba, ya bar taɓarya a turmi. Ni kaɗai na rage, don cikina ba ya jin tsoro, kuma nama ya ƙaru a kwanona. Amma ba na jin daɗin cin. Ina ganin matar nan tana dafa rabin tukunya, ta koma kwata, da yamma ta juye wa karnuka. Ranar da na ga ta ɗauki zannuwanta masu tsada guda biyu ta nufi kasuwa da su a ƙunshe, wallahi na ji kamar in tsallaka in shaƙe mutumin nan da hularsa.

Shi kuwa gogan naka duniya ta yi masa daɗi. Mutanen da a da in ya fara "A can" suke tuna suna da aiki, yanzu tun daga nesa suke cire hula. Mahauci yana yi masa gyara ba ya roƙa ba. 'Yan acaɓa suna kashe inji su tura babur in za su wuce gidansa. Ya ƙara faɗi, ya sayi sanda.

"Baban Senyo," in ji Dada Enyonam, ina zaune ina ji, "ka kwance abin nan. Ko ka fita ka gaya wa mutane ba asiri ba ne. Dubi teburana."

"Na gaya musu saboda sanyi ne, ba su yarda ba. Laifina ne?"

"Ka faɗa kana murmushi kana kaɗa sanda, wa zai yarda?"

"Maman Senyo, ilimi ba ya ja da baya saboda sakwara. Sai watan Maris ake kwancewa. Kuma ba ki ga yadda ake girmama mijinki yanzu ba?"

"Girman za mu ci?"

"Ke dai ba ki je can ba."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta koma murhu.

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, na ji wata ƙara daga gidan kamar an taka wutsiyar kare. Na leƙa. Fo Gameli ne tsaye da gajeren wando a gaban gambar da ke jikin tagar ɗakinsa, wadda ta fi kowace tsawo. A saman ƙullinsa an yi wani ƙullin, da jan ƙyalle mai baƙin tabo, ga bawon katantanwa yana reto a jiki.

"Amenyo! Amenyo, zo! Wa ya yi wannan?"

"Ba kai ba ne? Na ɗauka sabuwar ka'ida ce daga can."

"Kada ka yi mini wasa! Ni da farar igiya nake ɗaurewa. Wannan ja ne. Ja, Amenyo! Kuma tagata yake kallo!"

"To mene ne? Camfi ne ai. Cire ka yar."

Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya, ya dawo da shi ya sosa ciki. "Ba sauri ake yi ba. Sai an yi nazari."

Nazarin a bayan gida aka yi shi, don tun daga ranar cikinsa ya ɓare. Ya daina zama da kofin shayi. Ya kwashe shimfiɗarsa daga ɗakin ya koma falo. In zai fita sai ya zagaya ta bayan mangwaro don kada inuwar abin ta taɓa shi. Ya rame har hular ulu ta fara faɗo masa a ido. Ana cikin haka farin zakaran Dada Enyonam ya ɓace, aka nema har ƙarƙashin gado ba a gani ba, Fo Gameli ya ce lallai shaho ne. Ita dai ta ci gaba da girkinta. Na lura a kwanakin nan da gefen zani take sauke tukunya, amma bakina cike yake da nama, ban tambaya ba.

Tanti Sewa ba ta zauna ba, ta kai ƙara wurin Togbi, mai unguwarmu. Mai shela ya zaga da ƙuge, aka ce kowa ya hallara gidan Fo Gameli ranar Asabar da hantsi. Mutanen da suka yi makonni ba su bi ta hanyar ba suka cika ta maƙil, amma kowa ya tsaya nesa da katanga, iyaye mata sun riƙe 'ya'yansu gam. Aka ajiye wa Togbi kujera ƙarƙashin mangwaro. A gefensa ga boka Tsatsu da jakarsa ta fata, an kira shi ya duba aikin da idon masana.

Fo Gameli ya fito da kwat da hular ulu. Ganin taro ya dawo masa da rabin ƙarfinsa.

Togbi ya ce, "Gameli, an ce ka ɗaure unguwa."

"Togbi, ranka ya daɗe, ciyawa na ɗaure. A can, in Nuwamba ta kama..."

"Muna nan, ba ma can. Don me ka ɗaure ta?"

"Saboda dusar ƙanƙara."

Togbi ya ɗaga kai ya dubi sama. Rana tana dukan kwano har yana ƙara. Ya share gumi da gefen mayafinsa.

"Yaushe muke sa ran ta? In sa a gaya wa mata su kwashe shanya."

Wasu suka yi dariya, suka tuna inda suke, suka haɗiye.

"Rigakafi ne, Togbi."

"To madalla. Tunda babu sunan kowa a ciki, kwance mana su da hannunka, mu gani."

"Da sauƙi!" in ji Fo Gameli. Ya hau kujera, ya juyo ya fuskanci jama'a. "Ku buɗe ido ku ga bambancin ilimi da jahilci."

Ya ja igiyar farko. Ƙullin ya buɗe, wani wari ya bugo kamar an buɗe tsohuwar masai. Ruwan ƙarshen damina ya shiga ciki ya rasa hanyar fita, tsakiyar ta ruɓe ta yi baƙi ƙirin, tana yauƙi. Abin da ya ɗaure don kada ya faru, shi ɗaurin ya jawo.

Tanti Sewa ta toshe hanci. "Ƙanƙarar ce ta narke?"

Na biyu haka, na uku haka. A na huɗu kwarkwasa suka yi gida, suka bi hannun kwat suka shige. Ya ci gaba da kwancewa yana taka rawa a kan kujera, yana dukan cinya, yana cewa wannan duk cikin tsarin ne. Jama'a suka fara matsowa. Tsoro yana fita, dariya tana shiga. Ɗan acaɓan da tayarsa ta fashe ya ce a duba masa ko sunansa na cikin na kwarkwasar.

Ya gama da fararen igiyoyi duka, ya sauko yana haki, ya kakkaɓe hannu. "Shi ke nan, Togbi. Kowa ya gani."

"Saura wancan," in ji Togbi, ya nuna jan ƙyallen da sandarsa.

Fo Gameli ya kau da kai.

"Wancan... ba ya cikin lissafi."

"A gidanka yake. Kwance."

"Togbi, kafaɗata ta gaji."

"Ɗazu kake rawa da ita. Kwance."

Fo Gameli ya yi taku biyu. Ya tsaya. Ya waiwayi boka Tsatsu da ido irin na akuyar da aka kai mahauta. Shi kuwa boka, ganin duk idanu sun koma kansa, ya ga ranar tallar sana'a ta zo. Ya miƙe ya gyara jaka.

"Togbi, kada a matsa masa. Waɗancan fararen shirme ne, ba mai ɗaure mutum da igiyar buhu. Amma wannan jan aiki ne na gaske, daga nesa aka aiko shi. Na gaya masa tun ranar da ya kawo mini farin zakara, na ce kada ya kuskura ya taɓa sai ya cika da rago."

Fo Gameli ya hau tarin da babu shi.

"Wane zakara?" in ji Tanti Sewa, da muryar da ta isa kasuwa. "Wanda shaho ya ɗauka? Ashe shahon hular ulu gare shi! Jama'a, mutumin Jamus a ɗakin boka! Mai ilimi! Fo Gameli, a can ma haka ake yi?"

Ana cikin wannan sowa Dada Enyonam ta taso daga bakin murhu. Ba ta yi sauri ba. Ta ratsa taron, ta durƙusa ta gaida Togbi, ta wuce mijinta kamar ba ta gan shi ba, ta hau kujerar.

"Maman Senyo, kada ki taɓa!" Fo Gameli ya yi ihu. "Za ki mutu! Wa zai kula da ni?"

Ta fizge ƙyallen da hannu ɗaya. Ta cire bawon katantanwar ta jefa wa boka Tsatsu a ƙafa.

"Riƙe wannan, na miyar ranar Talata ne. Zakarana kuma ina jiran sa kafin rana ta faɗi, ko shi ko ƙanensa."

Boka ya tuna yana da wani aiki a bayan gari.

Ta sauko, ta warware jan tsumman a gaban mijinta, ta riƙe shi da hannu biyu. Ga tabon gawayi, ga inda wuta ta ci gefe.

"Baban Senyo, ka san wannan?"

Ya ƙura masa ido. Ya girgiza kai.

"Ba ka san shi ba. Tsumman da nake sauke tukunya ne. Tun Senyo yana goye yake kafaɗata, in ya mutu in yanko wani daga zanen. Da shi na sauke abincin da ka ci jiya, da shi na sauke kuɗin makarantar yaron da ya kai ka can ɗin. Ka je ƙasar mutane 'yan kwanaki, ka haddace yadda wani tsoho yake ɗaure ciyawarsa. Ni shekara talatin da wani abu ina wucewa ta gabanka da wannan, ba ka taɓa ɗaga ido ka gan shi ba."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Fo Gameli ya buɗe baki, na ga "A can" ta taho har leɓe, ta duba wuri, ta koma. Ya sa hannu ya cire hular ulu. Rabon da mu ga sanƙonsa tun kafin ya hau jirgi.

Togbi bai tsawaita ba. Ya ce a sare ciyawar duka kafin Litinin, a buɗe magudanar ruwa, Gameli ya shiga lambun Tanti Sewa da fartanya ya bi saiwar tofa ɗaya bayan ɗaya. Sannan tunda shi ya kori masu daka, shi zai riƙe taɓarya har teburan matarsa su cika yadda suke. Da ya gama yanke hukunci ya ce a zubo masa sakwara da miyar gyaɗa, ya wanke hannu ya ci a gaban kowa. Kafin ya kai loma ta uku an fara rigimar wurin zama.

Allon nan da na yi, Dada Enyonam ta sa na kankare shi na yi mata benci da shi. In ka leƙa ƙarƙashi har yanzu ana ganin "da Ɗansa". Tsakar gida ya koma tas, da sawun tsintsiya layi-layi. Teburan sun daɗe da cika, amma ba wanda ya tuna ya je ya gaya wa Togbi, ita ma ba ta tuna ba, saboda haka taɓarya tana nan a hannun mai ita. Tofar ce kawai ta ƙi jin hukunci, duk damina sai ta leƙo ta gaida Tanti Sewa.

Jiya da rana ina cin abinci, yana daka, gumi yana zuba. Ya tsaya ya huta, ya jingina da taɓarya, ya dube ni.

"Ka san Amenyo, a can inji ne yake..."

Dada Enyonam ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta zare jan tsumman daga kafaɗarta ta wurga masa. Sai da ya yi tsalle gefe, tsumman ya faɗi ƙasa, masu cin abinci suka kwashe da dariya.

"Ɗauka, ba ya cizo," in ji ta. "Miya ta yi. Sauke."

Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe shi da kyau, ya je ya sauke tukunyar.